Taken Mati Mahauci a Kwatano

Tun da na dawo ban sha shayi cikin kwanciyar hankali ba. Duk yamma in na zauna a bencinmu na nan Tudun Wada, sai wani ya gyara zama ya ce, "To Malam, ya Kwatano?" In na fara, kafin in kai tsakiya an kira magariba, ko wani ya jefo zancen tsadar taki, washegari a mai da ni farko. Har ruwayoyi sun fara saɓawa: a Tudun Jukun an ce rawa na taka a gaban Turawa, a Hanwa kuma an ce tsare mu aka yi a kan iyaka. Shi ya sa na ga gara in rubuta, wanda ya sake tambaya in miƙa masa ya karanta da kansa, kamar yadda nakan yi wa ɗalibai a da in sun ishe ni.

Sanadin tafiyar Isuhu ne, ɗan marigayi Mati Mahauci. Na koyar da shi a sakandare, kuma abin da na fi tunawa da shi, duk teburin da aka ba shi sai ya mai da shi ganga. Mati ya so ya gaje shi a rumfa, har ya fara koya masa fiɗa. Yaron ya liƙe wa wasu samari 'yan kudu masu kiɗa a Sabon Gari, daga nan sai Legas, daga nan sai Turai. Mati ya rasu ba su shirya ba. Isuhu ya iso bayan an watse daga zaman makoki.

Wata ranar Asabar ya kira ni a waya. Ya ce faifai yake haɗawa na kiɗan jaz, shi ya tsara duka, shi ne kuma jagoran makaɗan. Kiɗan ƙarshe na mahaifinsa ne, ya gina shi a kan taken Mati. Kun san kalangu kiɗan mahauta ne, kuma kowane mahaucin da ya isa yana da takensa. Wanda ya kaɗa wa Mati nasa tun suna samari yana nan da rai, wato Baba Tanko mai kalangu.

"Malam, in babu hannun Baba Tanko a ciki, gara in cire kiɗan ɗungurungum. Mun kama situdiyo a Kwatano zuwa Juma'ar sama, daga nan kowa zai kama gabansa. Ka taimaka ka kawo mini shi."

An zaɓe ni ne saboda ina da takardun tafiya, ina da lokaci tun da na yi ritaya, ina kuma da Faransancin da na koya a kwalejin horon malamai, wanda muka tsufa tare ba mu cika gaisawa ba. Na sami Baba Tanko a bakin kwata yana gyangyaɗi. Da na gama bayani ya buɗe ido ɗaya ya ce, "Zuwa dai zan je, ban taɓa ganin teku ba. Kiɗa kuwa, sai na ga ɗan Mati." Na ɗauka jan aji ne irin na tsofaffin makaɗa.

A Kwangila muka shiga doguwar mota. Tun ba a tashi ba aka yi rikicin farko, don kwandasta ya ce a sa kalangun a ƙasa tare da buhunan barkono. Baba Tanko ya dube shi ya ce, "Ɗana, kai in za ka yi tafiya, ƙarƙashin buhu kake sa bakinka?" Haka ya rungume abinsa a cinya har Legas.

Allah ya haɗa mu kujera da Madam Ngozi, mai shagon atamfa a bakin kasuwarmu, haifaffiyar Zariya, wadda Hausarta ta fi ta rabin ɗaliban da na yaye. Sarin kaya za ta Kwatano, hanyar kuwa ta san ta kamar tsakar ɗakinta.

Ta dubi kalangun ta ce, "Baba, biki za a je?"

"Faifai za a yi. Amma in ji Malam babu waƙa a ciki."

"Kiɗa ba waƙa? Ai tuwo ne ba miya."

Nan na ga aji ya samu, na gyara murya. Na ce jaz kiɗa ne da baƙar fatar Amurka suka ƙirƙiro. A kan fara tare a kan amo ɗaya, sai kowane makaɗi ya fita ya yi yawonsa yadda ransa ya ba shi, a ƙarshe a dawo a haɗu. Da muka wuce Jaji Baba Tanko ya ce, "Ashe sakin awaki ne." Na sha karanta bayanin jaz a littattafai, ban ga wanda ya fi wannan gajarta ba.

A Lakwaja aka tsaya cin abinci, kuma nan muka fara haɗuwa da abokin gabarmu na wannan tafiya, wato kifi. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa cikin mahauta, wanda ko biki ba a yi ba yana komawa gida da ƙullin hanta, yana da ra'ayi a kan kifi. Ya ɗanɗana, ya tsince ƙaya daga haƙori, ya ce, "Ba laifi, ga mara lafiya." Ya ƙara da cewa dabbar da ba a yanka ta, ba a feɗe ta, ba ta da take, shi bai san matsayinta ba.

Legas ba zan ɓata muku takarda a kanta ba. Gari ne da kowa ya makara. Madam Ngozi ta tasa mu gaba kamar 'yan firamare, ta cusa mu cikin wata ƙaramar mota zuwa Seme, inda iyakar take.

A kan iyaka wani jami'i ya ɗauki kalangun ya girgiza, ya ji abu yana ƙara a ciki. Tsakuwa ce 'yar ƙanana da ake zubawa don daɗin amo, amma shi aikinsa ne kada ya yarda. Ya ce yana son ganin ciki. Na matso da jimlar Faransancin da nake ta shiryawa tun Lakwaja, na sauke masa ita cif, ba tuntuɓe. Kuskurena ke nan, don ya ɗauka na iya, ya mayar mini da amsa kamar an kwance famfo. Madam Ngozi ce ta shiga da Yarbanci da nuni da hannu, aka daidaita a kan Baba ya kaɗa a ji ko ganga ce ta gaskiya.

Ya saƙale ta a hammata ya taɓa kaɗan. Ba a jima ba sai ga wani mai tsire daga tsallaken titi, Bakatsine, ya baro tukubarsa da gudu, wuƙa a hannu, yana jinjina. Jami'ai suka ja da baya. Da ƙyar aka fahimtar da su cewa gaisuwa ce. Aka buga mana hatimi da sauri fiye da na kowa. Baba Tanko ya tambayi mutumin ko da sauran nama, ya ce wallahi yanzun nan ya ƙare.

Kwatano gari ne na babura. 'Yan acaɓarsu duk riga ɗaya suke sawa, ruwan ɗorawa, ga fetur a manyan kwalabe jere a bakin titi kamar zuma. Da rana ta take sai ka ga ofisoshi da manyan kantuna sun rufe, an tafi cin abinci da barci, abin da mu ma muke yi a ofisoshinmu, sai dai mu ba ma rufe ƙofa. Isuhu ya so ya girmama mu, maimakon ya kai mu Zango cikin 'yan uwa Hausawa sai ya sauke mu a wani masauki mai tsabta kusa da teku. Na kai Baba ya ga tekun da ya zo domin sa. Ya tsaya ya daɗe yana kallo, ya ce, "Duk wannan ruwa, ko saniya ɗaya ba ta sha."

A masaukin muka nemi buta. Na bincika Faransancina kaf ban sami buta ba, na kwatanta da hannu, aka kawo mana abin ban ruwan fulawa mai dogon hanci. Da shi muka yi alwala har muka taho. Karin kumallo burodi ne dogo mai tauri, wanda a wajenmu da makiyayi za a ba, da kofi mai ɗaci a ɗan kofin da bai fi na wasan yara ba. Da rana kifi da wani abu kamar agidi. Da yamma kifi da tuwon masara. Washegari aka sauya, aka kawo tuwon da rana, agidin da yamma.

Isuhu ya yi ƙiba kaɗan, ya tara gemu, amma da ya ga Baba Tanko sai ya zube har ƙasa ya gaishe shi. Ya gabatar mana da mutanensa. Akwai Kojo mai ɗaukar sauti, da wani dogo mai busa wata algaitar ƙarfe mai lanƙwasa, da mai ganguna, sai Madam Selestin mai fiyano, wadda ita ce kuma mai tsawatarwa a ƙungiyar. Gaisuwarsu ta haɗa kumatu ce, mace da namiji. Da ta nufo Baba sai ya ɗaga kalangu ya sa a tsakani. Ni da ba ni da kalangu na yi ta ja da baya ina murmushi har bango ya tsai da ni, na miƙa mata gaisuwa daga nesa da hannu a ƙirji.

Situdiyo ɗaki ne da aka lulluɓe bangonsa da katifa, ba taga, ga sanyi kamar ɗakin ajiye magani. Kojo yana zaune bayan gilashi yana murɗe-murɗe. A nan na fara ganin abin da Isuhu yake kaɗawa, wanda suke kira bes. Ku ɗauka goge ne ya ci ya ƙoshi har ya fi mai shi tsawo, tsirkiya huɗu masu kauri, a tsaye ake rungumarsa, hannun hagu yana danna tsirkiya a sama, na dama yana kaɗa ta a ƙasa. Muryarsa ba a kunne ake jin ta ba, a ciki ake ji.

Aka zaunar da Baba gaban makirfo, aka kifa masa abin sauraro a kunne. Isuhu ya ƙirga, suka fara. Ni na zo ne da shirin yin haƙuri, irin wanda ake yi a taron yaye ɗalibai. Amma da bes ɗin nan ya buɗe baki sai na ji safiyar kasuwa ta shekarun baya, lokacin da nakan bi ta gaban rumfar Mati zuwa makaranta. Taken ne sak, wanda maroƙa kan fassara da cewa Mati na Hanne, bijimi ya hango ka ya yi sallama da garke. Yaron ya riƙe shi a kansa duk tsawon shekarun nan.

Aka zo gurbin da aka bar wa kalangu. Shiru. Baba Tanko ya cire abin kunnen ya ajiye a cinya.

"Na ji, ɗan Mati. Ya yi kama. Amma ba zan kaɗa ba."

"Baba, ko sanyin ne? A kashe."

"A gidanmu ba a kaɗa taken mamaci sai ga magajinsa, yana tsaye a kan aiki. Take ba hoto ba ne da za a rataye a bango. Kira ne. In na kira Mati a ɗakin nan, wa zai amsa?"

"Ai ni ɗansa ne, Baba."

"A wajen rabon gado. A wajen wuƙa fa?"

Isuhu ya jingina bes ɗinsa a hankali ya fita. Madam Selestin ta dube ni tana neman fassara, na ce mata tsohon ya gaji, don iyakar abin da Faransancina zai iya ɗauka ke nan.

A masauki na zaunar da Baba na kawo masa hujjoji a jere, na ɗaya, na biyu, na uku. Na ce zamani ya sauya. Na ce an sha wahalar hanya. Na ce yaron neman shiri yake da mahaifinsa ta hanyar da ya iya. Ya saurare ni yana sakace, ya ce, "Malam, ba kai ne kake hana yara maki ba ko amsarsu daidai ce, sai sun nuna aiki?" Ban san wa ya kai masa wannan tsegumi ba.

Haka aka yi ta tafiya. Su suna ɗaukar sauran kiɗe-kiɗen, Baba yana zaune a kusurwa yana gyangyaɗi cikin sanyi, muna komawa muna cin kifi. A zaman nan na lura da wata ɗabi'arsu: in ɗaya ya fita yawonsa, sauran sukan sassauta su saurare shi har ya gama, ba mai katse shi. Na so ƙwarai 'yan bencinmu su ga wannan. Isuhu yana aiki, amma ya daina dariya. Ranar Alhamis Kojo ya ce gobe da la'asar za su miƙa makulli.

Da hantsin Juma'a sai ga Isuhu a masauki. "Malam, raka ni Zango."

Can muka sami wani dillalin dabbobi, Malam Idi, mutumin Sakkwato da ya daɗe a garin har yana ciniki da harshensu. Aka zaɓi rago matsakaici. Mota ba ta samu ba, aka tsai da 'yan acaɓa. Yadda aka yi rabon ban sani ba, na dai tsinci kaina a bayan babur, rago kwance a cinyata, muna ratsa tsakiyar Kwatano yana kuka ina ba shi haƙuri. Wanda ya ce an gan ni ina rawa, ina jin wannan ya hango.

Bayan situdiyon akwai ɗan fili da bishiyar mangwaro. Da Madam Selestin ta ga rago, ta ga Isuhu yana cire agogo yana naɗe hannun riga, ta ga wuƙar da Malam Idi ya zaro, sai ta gane. Wannan karon Faransancinta tsaf na ji shi, don dalla-dalla ta yi shi tana nuna yatsu. Wuƙa a dama take, in ta zame a hagu za ta sauka, hagun kuwa shi ne mai danna tsirkiya. Yatsa ɗaya ya tafi, babu kiɗan ƙarshe, babu wasannin da aka shirya bayan faifai, wataƙila babu sana'ar ma. Gaskiya ta faɗa. Isuhu ya ce ya sani.

Malam Idi ya yi bisimilla ya yanka. Aka fito wa Baba Tanko da kujera, ya zauna ya ajiye kalangu a ƙasa, ya ɗaga kai yana nazarin mangwaro. Aka ce ana bukatar mai riƙe ƙafa. Makaɗan duk suka ɓoye hannayensu a baya, kowa da dalilinsa na sana'a. Ni kaɗai ne yatsuna ba su da wani amfani ga duniya, ga ni cikin farar shadda ta Juma'a.

Farkon bai yi kyau ba. Isuhu ya tsaga fatar ƙafa ya karkace, ya sa baki ya hura iska ta ƙi shiga, gumi ya keto masa. Wuƙar ta zame sau ɗaya ta shafi bayan hannunsa na hagu, jini ya ɗan tsatso, Madam Selestin ta juya baya. Baba bai sauko da kansa daga mangwaro ba. Isuhu ya tsaya, ya goge fuska da kafaɗa, ya sake hurawa, ragon ya kumbura. Ya tsaga ciki ya ajiye wuƙa, ya dunƙule hannu ya shiga tura shi tsakanin fata da tsoka, fatar tana sulluɓewa kamar ana cire wa yaro riga. Da ya sake ɗaukar wuƙar, kafin ya yanka, sai ya ƙwanƙwasa bayanta a kan kofato sau biyu. Ban yi zaton ya san ya yi ba. Duk wanda ya taɓa sayen nama a rumfar Mati ya san wannan ƙwanƙwasar.

Ban ga lokacin da kalangun ya hau hammata ba, ji kawai na yi. Kojo ya ruga ciki ya fito yana jan wayoyi da makirfo kamar mai tsere da gobara, ya iso daidai lokacin da wuƙar ta sake ƙwanƙwasa kofato. Baba ya miƙe tsaye, tsohon da sai an kama shi yake hawa mota, ya matso kan Isuhu yana kaɗawa yana zagaya shi. Ni kuwa hankalina ya tafi, hannuna ya saki, ragon ya juya. Ba tare da ya tsai da kiɗa ba Baba ya ce, "Malam, riƙe ƙafar nan da kyau, ba alli ba ne."

Da aka gama fiɗa Isuhu ya wanke hannu, Madam Selestin ta liƙa masa filasta tana masifa ƙasa-ƙasa, aka fito da bes ƙarƙashin mangwaro. Baba ya ce shi ba zai koma ɗakin katifa ba. A nan aka ɗauka, da ƙahon babura da komai, fiyano daga baya aka ɗora. Kalangu ya kira, bes ya amsa, ya sake kira, ya sake amsawa, daga nan suka saki juna kowa ya yi yawonsa, suka dawo tare kamar awakin Baba. Da suka tsaya idon Isuhu ya yi ja. Ya ce hayaƙi ne. Ba a riga an hura wuta ba.

Malam Idi ya gasa mana balangu. Baba Tanko ya ci kamar mai ramuwar azumi. Madam Selestin ma ta ci, ta ƙara, ta tambayi sunan yajin.

A hanyar dawowa, mun baro Lakwaja Baba Tanko ya ƙi ko kallon masu kifi, na kasa haƙuri na tambaye shi.

"Baba, tsakaninka da Allah, ka'idar nan ta taken mamaci, da gaske akwai ta? Ni dai na sha jin kana kaɗa na Mati a bukukuwa bayan rasuwarsa."

Ya buɗe ido ɗaya ya ce, "Mati ya mutu yana cewa yaron nan ko kaza bai iya feɗewa ba. Ni na kusa bin sa. Na so in gani da idona, in na je in sami abin gaya masa." Ya gyara rungumar kalangunsa. "Kuma kifin ya ishe ni."

Faifan ya fito, Isuhu ya turo mini a waya. Kiɗan ƙarshen yana farawa da ƙarar wuƙa a kan kofato. Na roƙe shi ya sa Kojo ya goge maganar alli, ya ce duk faifan babu inda mutane suka fi so, har wasu a Turai suna tambaya ko wata tsohuwar addu'a ce. Shekarun da na yi ina koyarwa ba wanda ya taɓa naɗar kalma ɗaya daga bakina, yau ga sunana ya zaga duniya ana yi mini faɗa a kan ƙafar rago. Mai son ji ya same ni a benci bayan la'asar, zan kunna masa. Shaddar kuwa ba ta fita ba, kada a sake tambaya.